Hannun Makaɗi a Akushin Gidanmu

Idan 'yan baya na gidanmu na Ƙanƙara suka tashi ambaton yayana, Allah Ya jiƙansa, sai su ce tsohon soja ne, daga nan su ja bakinsu su yi shiru. Ba su yi ƙarya ba, gama ya sa kaki, amma ko a sojan ma cikin 'yan badujala yake. Abin da suke kewayewa ni zan faɗe shi, tun da sauran numfashi gare ni: yayana makaɗi ne. Da kiɗa ya ci, da kiɗa ya yi sutura, da kiɗa ya ƙetare teku ya zauna shekaru a ƙasashen Turawa, yana kaɗa abin da suke kira bes a cikin kiɗan jaz. Wanda maganar ta yi wa nauyi a kunne sai ya yi haƙuri, domin ban ɗauki alƙalami don in lallashi kowa ba.

Mahaifinsa da mahaifina uwa ɗaya uba ɗaya suke. Dukansu biyu sun rasu muna ƙanana, suka bar mu a hannun babban wansu, wanda muke kira Baba, shi ne mai gida. Gidanmu kuwa gidan noma ne da karatu. A ƙasarmu kiɗa gado ne, yana da gidajensa, kuma kowa ya san yadda makaɗi yake yi: ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa gaban mai arziki, ya kira sunansa da na kakanninsa, a liƙa masa kuɗi a goshi, a jefa masa riga. Abin alfaharin gidanmu shi ne tun kaka da kakanni ba wanda ya taɓa durƙusa wa wani don a ba shi.

Muna da ciyayya. Da an idar da sallar magariba, kowane sashe na gida zai fito da akushinsa ƙofar zaure, maza su zauna a kan tabarmi, Baba ya sa hannu, sa'an nan kowa ya sa. Baƙo na kirki tare da mu yake ci. Amma idan maroƙi ya biyo, sai a zuba masa nasa a ƙwarya dabam, ya koma gefe can wajen takalma. Ba a taɓa faɗin wannan doka da baki ba, amma ko yaron goye ya san ta. Wanda hannunsa ya shiga akushin nan, ɗan gida ne.

Yaya ya komo gida a shekarun da kuɗin man fetur suka fara malalowa. Samari suna barin fartanya suna tafiya lebura, babura suna ta ƙara a hanyoyin da dā jakuna kaɗai ke bi, mutumin da ka sani jiya yana kiwo yau ya zama ɗan kwangila. Ni a sa'an nan malamin gona ne a Faskari. Na je na tarbe shi a Sheme, inda motar Funtuwa ta sauke shi, na same shi tsaye a bakin hanya, tare da wani baƙin akwati da ya fi shi tsawo, da kuma wani ƙarami mai nauyi cike da faya-fayai. Direbobi sun kewaye shi suna tsiya.

“Malam, gawa ka kwaso mana daga Turai?”

“Da gawa ce da ta fi ku kunya,” in ji shi, “gama ita ba ta magana sai an taɓa ta.”

An yi murna da shi a gida, aka yanka rago. Sai da ƙafa ta ɗauke ya buɗe akwatin. Abin kamar goge yake, amma gogen da aka sassaƙa da katako ja mai sheƙi, ga ciki kamar na rumbu, ga wuya dogo, ga tsirkiya huɗu masu kauri. A ƙasa ake kafa shi, mai kaɗawa ya tsaya ya rungume shi. Mutanen gari suka sa masa suna uwar goge. Baba ya zo ya tsaya a kansa, ya daɗe yana kallo.

“Mi kake yi da wanga abu?”

“Kaɗawa nake yi, Baba.”

“Soja suka sa ka?”

“A soja na fara koyo. Da na bar soja shi ne sana'ata.”

Baba bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Ya ce a sayar da abin, ko a bayar, ko a kai shi jeji a yar, duk wanda aka yi ɗaya ne a wurinsa. Yaya ya ce ba zai iya ba. Da magariba ta yi, sai aka ga an ɗauki akushin sashensa an wuce da shi ɗakinsa. Ba a kore shi ba, ba a zage shi ba, ana gaisawa da shi a masallaci. Akushin ne kurum ya daina zuwa ƙofar zaure. Ga wanda bai tashi a irin gidajenmu ba, wannan ƙaramin abu ne. Ni kuwa na ga yadda mutumin da ya yi shekaru yana cin abinci shi kaɗai a ƙasar sanyi, yana ƙishin ranar da zai zauna cikin 'yan'uwansa, ya komo ya tarar da kaɗaicin yana jiransa a ɗakin ubansa.

Na ce ya kawo bes ɗin gidana na Faskari, ko Baba zai sauko. Muka kai. Baba ya ce ko bangon duniya muka kai shi, hannun da ke kaɗawa yana nan a gidansa. Akushi ya ci gaba da wucewa ɗaki.

A nan Faskari na koyi sauraro. Kowace Lahadi Yaya yakan zo, bayan azahar mu shimfiɗa tabarma a inuwa, ya sa batir a garmaho. Faya-fayan a tsaye yake jera su kusa da randa, a kan yashi mai laima, domin zafin bazara yana lanƙwasa su. Yakan ɗauko ɗaya da tafin hannu biyu, ba ya barin yatsa ya taɓa fuskarsa, ya ɗora, ya saukar da allura a hankali.

Farkon ji, gaskiya, ban ji kome ba sai hargitsi mai sanyi. Na ce masa, “Yaya, ina waƙar? Wa ake yabo?”

Ya yi dariya har da hawaye. “Malamin gona, kai ma ɗan ƙasarku ne. Ba a yabon kowa. Bar bin mai busa, sauko ƙasa. Akwai wani yana tafiya a ƙarƙashinsu, shi za ka nema.”

Na nema, na daɗe ina nema, rannan sai na same shi. Wani amo ne mai zurfi, kamar takun raƙumi a kan rairayi, yana tafiya ba gaggawa, mai fiyano da mai busa suna ta kai da komowa a bisansa, su yi nisa kamar sun ɓace, su dawo su tarar yana nan inda ya kamata. Tun daga ranar kunnena ya buɗe. Yaya ya ce masu kiɗan na asali baƙaƙen fata ne na Amurka, kuma nasu yana da zafi, kamar hirar manya a kasuwa, kowa yana da abin cewa. Turawan da ya zauna da su a wajensu suka koya, amma suka zuba masa nasu halin. Faya-fayan Turai ɗin nan su na fi so, ina kuma son su har gobe. Ba sa cika wuri. Mai fiyano zai taɓa sau ɗaya ya tsaya, ya bar amon ya yi ta tafiya har ya ƙare don kansa, sa'an nan ya sāke taɓawa. Akwai wani faifai na mutanen can arewacin Turai, da hoton tafki daskararre a jikin kwalinsa, wanda mai busa a cikinsa yake jan sauti ɗaya dogo, siriri, kamar makiyayi yana kiran shanu daga ƙetaren fadama. Akwai wani na mutum uku kacal, mai fiyano da mai ganga da mai bes, suna ba juna hanya kamar mata masu lugude, kowace taɓarya ta san lokacin saukarta. Ni da nake yini cikin maganar taki da irin auduga, sai in ji kamar an buɗe mini taga.

Akwai faifan da Yaya kansa yake ciki, wanda aka ɗauka a wani ɗakin sauraro, mutane suna zaune. Kana jin ƙarar kofuna da tarin wani. Can sai mai busa ya janye, mai fiyano ya janye, aka bar bes shi kaɗai. Kofunan suka yi shiru. Yayana, ɗan gidanmu na Ƙanƙara, yana magana da yatsunsa, ɗaki guda na Turawa sun kame. Da ya gama suka yi tafi. Ya ɗaga allurar ya ce, “Ka ji? Ba wanda ya taso. Zama suka yi suka ji.”

Sai wani Alhaji ɗan kwangila na Sabuwa ya ji labarinsa. Dā dillalin shanu ne, ya sami kwangilar kwalbatoci a hanya, arziki ya buɗe masa. An yi masa haihuwa, yana son a ga abin da ba a taɓa gani ba a wajen suna. Ya zo har Faskari da sabuwar motarsa. Yaya ya gaya masa a fili cewa shi ba ya waƙa, ba ya kirari, kiɗansa na zama a saurara ne. Alhaji ya ce, “Haba Malam, ai mu ma mun waye! Kujeru za a jera, kowa shi yi shiru kamar a Ingila.”

Na so in hana shi, domin na san idan aka liƙa masa ko da kwabo ne a gaban jama'a, ƙofar zauren nan ta rufe ke nan har abada. Shi ma ya sani. Amma tun da ya komo bai kaɗa wa kowa ba sai ni da kajin gidana, kuma makaɗi yana bukatar kunnuwa. Labari ya kai wa Baba, ya ce, “To, yau an tahi roƙo,” bai ƙara ba.

Muka ɗora bes a kan katifa a bayan mota, muka bi hanyar Sabuwa, itatuwa sun rufe ta hagu da dama, ramuka kuwa sai da muka riƙa sauka muna tallafe akwatin da hannu. Mun isa bayan la'asar. Kujerun suna nan, manyan baƙi sun cika su. Ga masu kalangu, ga masu goge, ga sanƙira, wato mai shelar yabo, da muryarsa kamar ta tsaga tukunya. Aka nuna wa Yaya wuri a ƙasa cikin maroƙa. Ya gaishe su da kyau, ya buɗe akwati, ya kafa bes, ya miƙe tsaye.

A nan aka fara. Manya suna zaune, makaɗi yana tsaye a kansu, ya fi kowa tsawo a wurin.

Sanƙira ya ce, “Kai mai uwar goge, gaban Alhaji kake! Durƙusa mana!”

“A tsaye ake kaɗa shi.”

“To kwantar da ita ka durƙusa!”

“Ba ta kwanciya sai in an gama.”

Wani mai goge ya leƙo ya ce, “Ina izgar? Ko a Turai tsunkular goge ake yi?” Aka fashe da dariya.

Yaya ya rufe ido ya fara. Na san waƙar, tana cikin faifan mutum ukun nan. Amma bes shi kaɗai a fili, cikin hayaniyar suna, amonsa ƙasa yake bi. Na ji wani a bayana yana tambaya ko har yanzu gyaran tsirkiya yake yi. Mata suna leƙe ta saman danga suna jiran a soma. Alhaji ya ga abin yana neman sanyi, sai ya yi abin da kowane mai suna yake yi in yana son wasa ya yi armashi. Ya tashi, ya gyara babbar riga, ya zaro sababbin takardun kuɗi, ya nufo shi. Sanƙira ya daka ihu, masu kalangu suka ɗauka.

Ban ce Alhaji mugun nufi gare shi ba. A saninsa karramawa ce. Ya miƙa hannu zai liƙa, Yaya ya kau da kai, takardar ta faɗi ƙasa. Alhaji ya sāke, Yaya ya sāke kau da kai, yatsunsa ba su tsaya ba.

“Kira sunansa!” in ji sanƙira. “Kira sunan mai hanya, mai kwalbati!”

Yaya ya buɗe ido ya ce, “Alhaji, ka yi mini alkawarin za a zauna a ji. Koma ka zauna.”

Wuri ya yi tsit, har kalangu ya mutu. Alhaji ya ce, “To in ba ka kiran suna, ba ka karɓa, mi amfaninka?”

Yaya ya mayar da hankalinsa kan tsirkiya. Waƙar ba ta kai ƙarshe ba, shi kuwa ba ya yanke waƙa a tsakiya. A cikin shirun nan na fushi ya ci gaba, ya kai ta har inda take ƙarewa, ya bar amon ƙarshe ya mutu don kansa. Wannan ne kaɗai lokacin da na ji bes ɗinsa ya cika fili a ƙasarmu. Sa'an nan ya goge tsirkiya da ƙyalle, ya mayar da bes akwati. Aka biyo mu mota da riga, ya ce a mayar wa mai ita da godiya. Takardun suna nan a ƙasa muka tafi, maroƙa suka kwashe.

Ranar kasuwar Ƙanƙara Alhaji ya zo ƙofar gidanmu da mutanensa, ya kawo ƙara wurin Baba. Ina nan zaune. Ya ce ɗanmu ya wulaƙanta shi gaban baƙinsa. Baba ya bar shi ya zazzage duka, sa'an nan ya gyara zama.

“Ya durƙusa maka?”

“Ina fa, Baba! Tsaye ya yi ƙiƙam a kanmu.”

“Ya kira sunanka?”

“Ko sau ɗaya.”

“Ya karɓi abinka?”

“A ƙasa ya bar shi, har rigar ya maido.”

Baba ya ce, “Alhaji, na san ubanka, mutumin kirki ne, tare muka yi fatauci. Shi bai taɓa ɗaga hannu zuwa goshin ɗan gidan ga ba. Kai ka ɗaga, har sau biyu, kuma ka zo ka kawo mini ƙara. Ka gaida gida.”

Da suka tafi, Baba ya juyo ga sauran mazan gida. Ya ce shi ya duba al'amarin: wanda bai durƙusa ba, bai kira suna ba, bai karɓa ba, wannan ba makaɗi ba ne. Wani wasa ne na Turawa ya koyo, kamar yadda 'yan makaranta ke buga ƙwallo. Saboda haka yau a fito da akushinsa zaure. Kowa ya ce madalla, an sami mafita, ba wanda ya ji kunya.

Ni na kai wa Yaya saƙon, ina murna. Ya saurare ni har na gama, fuskarsa ba ta canza ba.

“Wasa ya ce?”

“Yaya, mene ne a ciki? Ƙofa ya buɗe maka. Shiga kawai.”

“Na ji,” in ji shi.

Magariba ta yi, aka yi salla, akusa suka fito. Yaya ya zo da farar riga, ya gaida Baba, ya gaida baffanninmu, ya wanke hannu, ya zauna a wurin da mahaifinsa yake zama dā. Aka buɗe akushi, tuwon dawa ne da miyar kuka. Baba ya yi bisimilla ya sa hannu, saura suka sa. Yaya bai sa ba.

“Baba, ina da magana kafin in ci.”

Hannuwa suka tsaya.

“An ce mini ka ce wasa nake yi. Ba wasa ba ne. Shekarun da na yi a waje, da shi na ci abinci, da shi na biya haya, ragon da na aiko maka kowace salla da shi na saya. Ban taɓa roƙon kowa ba, ba kuma zan yi ba. Amma ni makaɗi ne. Idan hannuna zai shiga akushin nan, ina so a san hannun makaɗi ne ya shiga. In ba a yarda ba, in tashi yanzu, ba na fushi da kowa.”

Ban taɓa jin shiru irin wannan a ƙofar gidanmu ba. Na dubi tabarma, ina cewa a raina shi ke nan, ya rufe ƙofar da hannunsa. Wani baffanmu, wanda ke bin Baba a shekaru, ya share hannunsa a bakin akushi, ya miƙe. Ya ce shi dai ba a haife shi ba don ya haɗa hannu da makaɗi, ya sa aka ɗauki akushin sashensa, ya shige gida.

Baba bai dube shi ba. Yaya yake kallo, ya daɗe yana kallonsa, kamar yadda yake kallon gona kafin ya ce a shuka. Sa'an nan ya ce, “Kunnena ƙalau yake, na ji ka. Taurin kan ubanka ne, ban san inda za ni da shi ba. Abin nan naka ba zai kwana gidan ga ba, ba ni kuma son jin sa.”

“Na yarda, Baba.”

“To sa hannu, miya na hucewa.”

Ya sa hannu. Na ga yatsun nan masu kanta, waɗanda tsirkiya ta taurara, sun yanki tuwo daga gabansa. Aka ci har aka suɗe.

Baba ya cika maganarsa, bai taɓa sauraron bes ba har ya koma ga Mahaliccinsa, Yaya kuma bai sāke shigo da shi gidan ba. A Faskari muka ci gaba da Lahadinmu. Amma kowace magariba da yake Ƙanƙara, a ƙofar zaure yake ci. Baffan nan namu bai sāke fitowa ciyayya ba, a ɗakinsa yake ci shi kaɗai. Ba wanda ya bi shi ya ba shi haƙuri, ni kuwa har yau ban ga dalilin da zai sa a bi shi ba.